Haɗin kemis: ƙwaya biyar a leda, ba suna ba takarda

Jama'a, yau maganar "haɗi" zan yi. Na san akwai masu kemis a cikin abokaina na nan Facebook, su yi haƙuri, ba faɗa nake nema ba, amma ba zan sassauta ba.

Kowa ya san abin. Da magariba lebura ya tashi daga aiki, ko ɗan dako, ko mai adaidaita da ya wuni yana cin kwalta, ya tsaya a kemis ya ce, "Malam, haɗa min na ciwon jiki, na ɗari biyu." Yaron shago ya ɓalle fara, ya ɓalle ja, ya ƙara kafso biyu da wata 'yar mitsitsiya, ya ƙulle a leda. Ba a tambaye shi ko yana da olsa ba, ko hawan jini, ko ya ci abinci. Shi ma bai tambayi sunan ko ɗaya ba. Ya watsa a baki ya kora da fiya wata. Kafin isha'i jiki ya saki, sai ya ce ai yaron nan ya fi likita.

To me ke cikin ledar? Sau da yawa dikulofinak ne, da ibufurofen, da firosikam, wanda aka fi sani da Felvin. Abin da mutane ba su sani ba shi ne waɗannan ukun 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Idan tsoka ta ji rauni ko gaɓa ta kumbura, jiki yana samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, shi ke kawo kumburi, shi ke ƙara wa jijiya jin zafi. Waɗannan magunguna suna hana jiki samar da shi, sai zafin ya lafa. Wani masani ɗan Ingila, John Vane, shi ya gano haka a 1971 yana bincike a kan asfirin, har ya samu kyautar Nobel a 1982. Amma furostagilandin ba aikin kawo ciwo kaɗai yake yi ba. Shi ke sa tumbi ya shafe kansa da majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narka abinci. Shi ne kuma ke buɗe wa ƙoda hanyoyin jini, musamman lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Maganin ba ya tambaya ina ne ke ciwo. Ko'ina yake shiga.

Saboda haka wanda ya sha uku a lokaci guda bai samu sauƙi ninki uku ba. Sauƙin yana da iyaka, daga nan abin da ke ƙaruwa ɓarnar ce: gyambon ciki, aman jini, bayan gida baƙi kamar kwalta. Ku duba wane ne ke shan haɗin nan kullum. Mutumin da ya wuni a rana ta Afrilu yana zufa, bai sha ruwa sosai ba, cikinsa wayam. Wato daidai lokacin da ƙodarsa ta fi buƙatar kariya, lokacin ake cire mata ita. Ƙoda kuwa ba ta kuka da wuri, sai ƙafa ta fara kumbura. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san yadda gida da gona suke tafiya. Ita kuma 'yar mitsitsiyar ƙwayar, sau da yawa dekisametason ce. Ita ke sa a ji garau har da cin abinci, amma haɗa ta da dikulofinak yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki, kuma yawan shanta yana tayar da suga da hawan jini.

Wani zai ce shi Panadol kawai yake sha. Farasitamol magani ne mai kyau, ba ya cin tumbi kamar waɗancan, amma yana da ƙa'ida. Babban mutum ƙwaya biyu ce masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24, wato giram 4. Hanta ce ke sarrafa shi, kuma a wajen sarrafawar wani ɗan kaso yana zama guba, hanta tana da abin da take kashe gubar da shi. In an zarce, tanadinta ya ƙare, gubar ta fara cin hantar kanta. Mugun abin shi ne ranar farko mutum yana iya jin lafiyarsa lau, sai bayan kwana 2 ko 3 ido ya yi ɗorawa. Akwai makari a asibiti, amma ya fi aiki a cikin awa 8 na farko. Kuma ana zarcewa ba da sani ba: ka sha Panadol don ciwon kai, ka sha Procold ko Mixagrip don mura, ka ƙara da haɗi. Duk akwai farasitamol a ciki. Wanda aka ba shi ƙwaya tsirara a leda, ta yaya zai yi lissafi?

Iyaye mata, don Allah: asfirin, har da Alabukun da ake kaɗawa a ruwa, ba na yaron da bai kai shekara 16 ba ne. Mai ciki kuma ta nisanci su ibufurofen da dikulofinak, musamman daga wata na biyar zuwa sama, sai in likita ne ya ce.

Sai tiramol, wanda shi duniyarsa daban. Ba ruwansa da wurin da ke ciwo, ƙwaƙwalwa yake tafiya ya rage mata jin saƙon zafi, dangin kodin da mofin ne. Shi ya sa jiki ke sabawa, jiya ɗaya, yau biyu. Abin da NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, kuma da takardar likita. Wanda ke yawo a tasha 225 ne da 250. Yawansa yana kawo farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda. A shekarar ce aka hana sirof mai kodin bayan rahoton BBC. Mu kuma muka tsaya muna zagin 'yan ƙwaya na bayan layi, alhali da yawansu daga "na ƙarfin aiki" suka fara, a gona ko wajen gini.

Na san amsar da za a ba ni a ƙasa: talauci ne, asibiti layi, kati kuɗi, gwaji kuɗi, wanda zai yi dako gobe ba shi da hutun jinya. Gaskiya ne, ba na musu. Kemis ne asibitin talaka, kuma a cikinsu akwai masu tsoron Allah da ke cewa "wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti." Amma talauci bai sa a zuba iri uku na abu ɗaya a leda ba. Farasitamol biyu, ko ibufurofen shi kaɗai bayan an ci abinci, ya fi haɗin arha. Abin da ke sa a haɗa shi ne a ce shagon wane maganinsa yana ci, kwastoma ya dawo gobe. Wannan kasuwanci ne da ƙodar mutane. Lasisin mai kemis ma bai ba shi damar haka ba, an yarje masa sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, a cikin mazubinsu na kamfani.

Kuma kada a fahimce ni a baibai. Mai sikila da ke murƙususu, mai kansa, wadda aka yi wa tiyata, suna da haƙƙin a ba su magani mai ƙarfi ba tare da ana musu kallon mashaya ba. Abin takaici ne a ce su suna shan wuyar samunsa a asibiti, shi kuwa yaro ɗan shekara 15 yana samun 225 a faranti a bakin tasha.

A 2024 an rufe shagunan magani na Sabon Gari a Kano, aka ce a koma Dangwauro don a san abin da ke shiga da fita. Madalla. Amma haɗi ba a kasuwar sari ake yin sa ba, a lungu ake yi, bayan magariba. Ina ƙungiyar masu kemis? Ina hukumar da ke ba su lasisi? Yaushe rabon da wani jami'i ya shiga unguwarku ya ce a buɗe ledar nan a gani?

Kafin su farka, kai mai saye ka ce a ba ka a katinsa, ka karanta sunan ko a karanta maka. In ciwon ya wuce kwana 3 kana sha bai tafi ba, ko ka ga baƙin bayan gida, ko fitsari ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ka ajiye maganin ka nufi asibiti, ka tafi da katin a aljihu don likita ya ga abin da ka sha. Masu kemis kuma ga fili nan a ƙasa, wanda ke da hujjar haɗa Felvin da dikulofinak a leda ɗaya ya rubuto, zan karanta.