Taron Gwanaye da Aka Hana Rabin Gwanayen Shiga

A duk watan Yuli, idan aka tsayar da kakar wasan besbol a Amurka domin karawar fitattun 'yan wasa, sai a sake karanto tarihin ranar 6 ga Yuli, 1933. A ranar ce aka yi irin wannan karawa ta farko a filin Comiskey Park na birnin Chicago. Arch Ward, editan wasanni na jaridar Chicago Tribune, shi ya shirya ta domin ta zo daidai da babban baje-kolin duniya da birnin ke karɓar baƙuncinsa, a lokacin da karayar tattalin arziki ta kori 'yan kallo daga filaye. Masu karanta jaridu suka kaɗa ƙuri'a wajen zaɓen 'yan wasa. Connie Mack ya jagoranci ɓangaren American League, John McGraw ya jagoranci na National League. Babe Ruth, yana da shekara 38, ya maka wa ƙwallo sanda ta tsallake shingen fili, ɓangarensa ya yi nasara da ci 4 da 2 a gaban mutum fiye da 47,000.

Duk abin da ke cikin wannan labari ya faru. Ƙaryar tana cikin sunan da ake ba shi, wato ranar da mafiya ƙwarewa a besbol suka haɗu a fili ɗaya. Waɗanda suka haɗu mafiya ƙwarewa ne a cikin Fararen fata kaɗai, domin babu Baƙar fata ko ɗaya da aka bari sunansa ya hau takardar ƙuri'a. Babu wata rubutacciyar doka da ta hana su. Masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma shugaban hukumar wasan, Kenesaw Mountain Landis, ya riƙe kujerarsa daga 1920 zuwa 1944 ba tare da ƙofar ta buɗe ba.

Kwana 66 bayan wancan wasa, a ranar 10 ga Satumba, aka sake haɗuwa a wannan fili na Comiskey Park. Wannan karon gasar Baƙaƙen fata ce ta tara nata gwanayen, Gabas da Yamma, bisa jagorancin Gus Greenlee, mai ƙungiyar Pittsburgh Crawfords. Su ma jama'a suka zaɓe su, ta jaridun Chicago Defender da Pittsburgh Courier. Yamma ta yi nasara da ci 11 da 7. Willie Foster ya yi jifa tun daga farkon wasa har ƙarshensa, Mule Suttles kuma ya fitar da ƙwallo waje kamar yadda Ruth ya yi a watan Yuli. A wannan shekara ƙungiyar Greenlee kaɗai tana da Josh Gibson da Satchel Paige da Oscar Charleston da Cool Papa Bell da Judy Johnson. Dukansu biyar yau sunayensu na cikin zauren karrama gwanayen besbol da ke Cooperstown, wuri ɗaya da Ruth. Duk wanda ya ba da tarihin 1933 ya tsaya a Yuli ya ɓoye rabin magana.

Masu kare wancan zamani suna da hujja guda biyu. Ta farko ita ce kada a auna mutanen da da ma'aunin yau, domin ba su san abin da suke asara ba. Wannan hujja ba ta da ƙafar tsayawa. Bayan kowace kaka, fitattun Fararen 'yan wasa kan zagaya garuruwa suna karawa da ƙungiyoyin Baƙaƙen fata domin neman kuɗi, kuma sun sha kashi ba sau ɗaya ba. Dizzy Dean, wanda yake cikin manyan masu jifa na zamaninsa, ya yi irin wannan karawa da Paige a tsakiyar shekarun 1930. 'Yan jarida irin su Wendell Smith da Sam Lacy sun shafe shekaru suna rubutu a kan wannan wariya. Masu ƙungiyoyin kuwa sun fi kowa sani, tun da su ne ke ba gasar Baƙaƙen fata hayar filayensu suna karɓar rabonsu daga kuɗin ƙofa. A 1943 karawar Gabas da Yamma ta tara mutum fiye da 51,000, yayin da ta Fararen fata a Philadelphia ta tara kimanin 32,000. Wanda yake ƙirga kuɗin tikiti ba zai ce bai ga taron ba.

Hujja ta biyu ita ce ba a da tabbacin Baƙaƙen fatar za su iya gogayya a babbar gasa, tun da ba a gwada ba. Sai dai an gwada daga baya, kuma sakamakon yana rubuce. Jackie Robinson ya shiga ƙungiyar Brooklyn Dodgers a ranar 15 ga Afrilu, 1947. A 1949 shi da Roy Campanella da Don Newcombe da Larry Doby suka zama Baƙaƙen fata na farko a karawar tsakiyar kaka. Kafin nan American League ce ke mulki: ta ci 12 daga cikin wasa 16 na farko. To amma National League ta riga ta ɗaukar Baƙaƙen fata, alhali manyan ƙungiyoyin ɗaya ɓangaren suna jan ƙafa. New York Yankees ba ta saka Baƙar fata a fili ba sai 1955, Boston Red Sox kuwa sai 1959. Daga 1963 zuwa 1982, National League ta ci 19 daga cikin karawa 20. Wanda aka fi zaɓa a tarihin karawar, har sau 25, shi ne Hank Aaron, wanda ya fara sana'arsa a ƙungiyar Indianapolis Clowns ta gasar Baƙaƙen fata. Willie Mays, da ya buga karawar sau 24, daga Birmingham Black Barons ya fito. Ashe wariyar ba waɗanda aka kora kaɗai ta cutar ba, ta rage wa wasan kansa daraja.

A watan Disamba na 2020 hukumar babbar gasa ta amince cewa gasannin Baƙaƙen fata na 1920 zuwa 1948 suna da matsayi ɗaya da nata. A watan Mayu na 2024 aka haɗe alƙaluman, sai Josh Gibson ya hau saman jerin ƙwarewar bugu, da nasara 372 a kowane yunƙuri 1,000, ya wuce Ty Cobb mai 367. Gyaran ya dace, amma bai kamata a ɗauke shi a matsayin biyan bashi ba. Gibson ya rasu a watan Janairu na 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga fili. Paige bai samu shiga ba sai 1948, yana da shekara 42, ƙuruciyarsa ta riga ta ƙare a wasu filaye. Kuma buɗe ƙofar ma da zalunci ya zo. Branch Rickey ya ɗauki Robinson bai biya ƙungiyar Kansas City Monarchs ko sisi ba. 'Yan kallo suka bi gwanayensu, ƙungiyoyin da Baƙaƙen fata suka mallaka suka durƙushe, gasar Negro National League ta rufe bayan kakar 1948. An karɓi 'yan wasan, an bar masu ƙungiyoyi da ma'aikatansu da asara. Babu alƙaluman da za su mayar da wannan dukiya.

Ba wanda ya ce a goge sunan Ruth ko a raina aikin Arch Ward. Abin da ake nema shi ne a kira kowane abu da sunansa. Karawa 15 da aka yi daga 1933 zuwa 1948 karawar gwanayen Fararen fata ce, kuma haka ya kamata a rubuta ta a littafi, a faɗe ta a talabijin. Duk lokacin da aka ambaci 6 ga Yuli, 1933, a ambaci 10 ga Satumba tare da ita, da sunan Willie Foster da na Mule Suttles, domin fili ɗaya ne, shekara ɗaya ce, kuma jama'a ne suka zaɓi ɓangarorin biyu. Karawar gwanayen besbol baki ɗaya ta soma ne a filin Ebbets Field na Brooklyn, a watan Yuli na 1949.