LAFIYAR IYALI: Ƙuma a Jikin Kare da Cikin Gida

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan ƙwaro wanda bai fi ƙwayar riɗi girma ba, amma yakan hana gida duka barci, watau ƙuma. Da damina ta yi nisa sai a ga kare yana ta susa dare da rana, yana cizon gindin wutsiyarsa, yara kuma su tashi da ƙuraje a idon sawu. Maigida yakan wanke karen, bayan kwana uku abin ya komo, sai ya ce maganin ba shi da kyau. Laifin ba na magani ba ne. Ƙuman da kake gani a jikin kare kaɗan ne. Mafi yawa suna cikin gidanka, a ƙarƙashin tabarma da cikin tsagar daɓe, suna jiran ranar fitowarsu. Wanda ya yi wa kare magani ya bar gida, ya yi rabin aiki ne kawai.

Yadda ƙuma yake yaɗuwa

Ƙuma ba shi da fiffike, amma yana tsalle fiye da taƙi guda. Jini ne abincinsa. Da ta macen ta hau jikin kare ta sha jini, cikin kwana ɗaya ko biyu za ta fara ƙwai, takan kuwa yi har 40 ko 50 a rana ɗaya. Ƙwan fari ne, mai santsi, ba ya manne wa gashi. Duk inda kare ya kwanta ko ya girgiza jiki, nan ƙwan yake zuba kamar gishiri.

Cikin kwana 2 zuwa 10 ƙwan yakan ƙyanƙyashe, wata 'yar tsutsa fara ta fito. Ba ta son haske, saboda haka takan shige cikin ƙura, ko ƙarƙashin buhu, ko tsagar ƙasa. Abincinta shi ne kashin manyan ƙuma, wanda busasshen jini ne da yake zubowa daga jikin karen. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ta saƙa wa kanta ɗan kwanso, ƙura ta rufe shi, ta zama ƙuma a ciki. Idan akwai ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa babban ƙuma mako uku ne kawai. Shi ya sa abin ya fi tsanani da damina. Busasshiyar iskar hunturu takan kashe tsutsar da take a fili, amma ta inuwa, kusa da randa ko wurin wanke-wanke, takan tsira.

Masana sun ƙiyasta cewa cikin kowane 100, kamar 5 ne kaɗai manya masu cizo. Sauran 95 ƙwai ne da tsutsa da masu kwanso. Na cikin kwanso shi ne mai wuyar sha'ani, gama maganin feshi ba ya ratsa kwanson sosai, kuma yana iya zama a ciki watanni yana jira. Motsin sawu da ɗumin jiki da numfashi ne suke tashe shi. Wannan ne dalilin da ya sa iyali sukan kulle ɗaki su tafi gida bikin Kirsimati, su komo su buɗe, nan da nan ƙafafunsu su yi baƙi da ƙuma.

Yadda za ka gane

Ka tsayar da karen a kan farar takarda ko farin ƙyalle, ka taje shi daga wuya zuwa gindin wutsiya. Za ka ga baƙin gari kamar na masoro yana zuba. Ka ɗiga masa ruwa. Idan ya narke ya zama ja, kashin ƙuma ne, ko da ba ka ga ƙuman da idonka ba. Kada ka haɗa shi da kaska. Kaska takan manne wuri ɗaya ta kumbura, ƙuma kuwa gudu yake yi cikin gashi. Domin gwada ɗaki, ka sa farar safa doguwa ka zaga a hankali, sa'an nan ka duba safar.

Ɓarnar da yake yi

Ta fari ita ce shan jini. Babban kare yakan jure, amma ɗan kwikwiyo, ko ɗan kyanwa, ko ɗan akuya, ƙuma yana iya shanye jininsa har ya mutu. Ka ɗaga leɓen kwikwiyo ka duba dasashinsa. Idan ya yi fari fat, ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Ta biyu ita ce ƙaiƙayi. Waɗansu karnuka jikinsu ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa su yi ta susa har gashin baya ya zube, fata ta yi gyambo. Yara ma haka. Cizon yakan fito biyu ko uku kusa da juna a ƙafa ko a ƙugu, yaro ya sosa da farce mai dauɗa, ƙurji ya yi ruwa. Uwargida, ki wanke wurin da sabulu, ki yanke wa yaron farce. Idan wurin ya kumbura, ya yi mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, ki kai shi asibiti.

Ta uku ita ce tsila. Akwai wata irin tsila da take girma a cikin ƙuma. Kare yakan haɗiye ƙuman sa'ad da yake cizon jikinsa, tsilar ta girma a hanjinsa. Alamarta ita ce 'yan gutsattsari farare kamar ƙwayar shinkafa a kashinsa ko a ƙarƙashin wutsiya. Jariri mai rarrafe, wanda kome ya samu sai baki, shi ma yana iya haɗiye ƙuma ya kamu. Akwai maganinta, amma in ba a kawar da ƙuma ba za ta komo.

Akwai kuma ƙuman ɓera, wanda ya fi na kare haɗari. Shi ne yake ɗauko annobar nan mai kumbura kaluluwa daga ɓera zuwa mutum. Wani likita Bafaranshe mai suna Simond ne ya nuna haka a birnin Karaci a 1898. Annobar ta shiga Ikko a 1924, ba ta rabu da garin ba sai 1931. A 2017 ta kama mutum fiye da 2,000 a tsibirin Madagaska, fiye da 200 suka mutu. Darasin da ma'aikatan lafiya suka koya shi ne, a fara kashe ƙuma kafin a kashe ɓera, gama da ɓera ya mutu jikinsa ya yi sanyi, ƙuman yakan bar shi ya nemi wani. Kada yaro ya ɗauki mataccen ɓera da hannu. A kwashe shi da shebur a binne.

Abin da za a yi wa kare

1. Ka yi masa wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu marar zafi. Ka fara sa kumfa kewaye da wuya, domin kada ƙuma su gudu zuwa kunne da ido. Ka bar kumfan minti 5 zuwa 10, sa'an nan ka ɗauraye. Wanka yana kashe waɗanda suke jikinsa a ranar, ba ya hana sababbi hawa.

2. Ka taje shi kowace rana da matsefi mai ƙananan haƙora, kana tsoma matsefin cikin ruwan sabulu. Ga kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, wannan tajewa da wanka mai sauƙi su ne hanya, sai dai in likita ya faɗi wata. Ka shanya shi sosai kada sanyi ya kama shi.

3. Ka nemi maganin gaske a asibitin dabbobi ko shagon maganin dabbobi. Akwai na ɗigawa a fatar ƙeya, tsakanin kafaɗu, inda harshe ba ya kai, kamar Frontline, ana sa shi sau ɗaya a wata a busasshen jiki, ba a kuwa yi wa karen wanka sai bayan kwana biyu. Akwai na taunawa, kamar NexGard, wanda yake aiki wata ɗaya, da Bravecto, wanda yake kai mako 12. Bisa ga nauyin kare ake ba da su, saboda haka a auna shi tukuna.

4. Ka yi wa dukan karnuka da kyanwoyin gida magani a rana ɗaya, kowane da nasa. Kada ka sa wa kyanwa maganin kare. Waɗansu suna da sinadarin famitirin, wanda yake sa kyanwa rawar jiki da farfaɗiya har ta mutu. Frontline kuma yana kashe zomo.

5. Tun da ka je wurin likita, ka karɓi maganin tsila, ka kuma tambaya ko lokacin allurar haukan kare ya yi.

Abin da za a yi wa gida

1. Ki share kowace rana, musamman ƙarƙashin gado, bayan randa, lungun rumbu, da inda kare yake kwana. Kada ki tara sharar a bakin ƙofa. Ki ƙone ta nan da nan.

2. Buhu ko tsumman da kare yake kwana a kai, a wanke shi da ruwan zafi kowane mako. In ya tsufa, a ƙone shi a ba shi wani.

3. A fitar da tabarmi, da katifu, da darduma, a kakkaɓe su, a shanya cikin rana mai zafi, a juya su. Tsutsar ƙuma ba ta jure rana.

4. A toshe tsagar daɓe da ramukan ɓera da siminti ko yumɓu. A sare ciyawar da ta kewaye gida domin rana ta bugi ƙasa.

5. A duba akurkin kaji da garken awaki. Akwai wani irin ƙuma da yake manne wa kaza kewaye da ido da tukku, yakan kama gefen kunnen kare kuma. A shafa masa man basilin, a kiyaye idon, a kwashe juji a ƙone.

6. Da dare a ajiye faranti da ruwan sabulu a ƙasa, a haska shi da tocila ko fitila mai caji. Da safe a ƙirga waɗanda suka faɗa. Wannan zai nuna ko aikin yana ci. Kada a yi da fitilar kananzir saboda gobara.

Kada ku gaji. Za ku ci gaba da ganin ƙuma makonni bayan kun fara, gama na cikin kwanso suna fitowa kaɗan kaɗan. Ku riƙe aikin wata uku cur, sa'an nan zuriyarsu ta ƙare.

Gargaɗi mai nauyi

Garin gyaran gira kada a rasa ido. Mutane da yawa sukan shafa wa kare baƙin mai, ko kananzir, ko su wanke shi da fiya-fiya, ko Sniper, ko Gammalin 20. Waɗannan dafi ne. Suna ratsa fata, kare yana lashe su, yaron da ya rungume shi yana kwasa a hannu. Sinadarin da yake cikin Gammalin 20 ƙasashen duniya sun amince a 2009 a daina amfani da shi a gona. Hukumar NAFDAC kuma ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa a 2019. Kada a fesa maganin gona a ɗakin kwana, kada kuma a zuba shi a kwalbar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne. Alamar dafi ita ce dalalar yawu, amai, gumi, rawar jiki, da wuyar numfashi. In haka ta faru, a tuɓe wa yaron tufafi, a wanke jikinsa da sabulu, a gaggauta kai shi asibiti tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai.

Abin tunani

A cikin 1 Sama'ila 24:14, sa'ad da Sarki Saul yake farautar Dawuda, Dawuda ya kwatanta kansa da mataccen kare da ƙuma, domin ya nuna shi ba kome ba ne a gaban sarki. Tun zamanin nan ƙuma abin reni ne, renin kuwa shi ne yake ba shi wurin zama a gidajenmu. Karin Magana 12:10 ya koya mana cewa mutumin kirki yana kula da ran dabbarsa. Karen nan yana kwana a waje yana tsaron gidanka da awakinka. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ku tuna kuma, da yawa cikin maƙwabtanmu ba su ajiye kare, suna kuwa duban yadda muke riƙon namu. Idan baƙo ya zauna a tabarmarka ya tashi yana susa, me zai ce game da gidan Kirista? Ƙuma bai san katanga ba. Ku yi shawara da maƙwabta masu karnuka ku yi aikin a mako ɗaya. Zumuntar Mata ma tana iya sa ranar sharar harabar majami'a da gidan fasto, inda karnukan unguwa suke fakewa daga ruwa.

Ubangiji ya kiyaye gidajenku, ya ba yaranku barci mai daɗi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.