Bosso na da masu fasaha, 'yan kallo ne suka yi ƙaranci

Duk wanda ya bi titin Bosso a Minna da yamma, daga shataletalen Mobil ya wuce ƙofar tsohuwar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya ya nufi Tudun Fulani, ya san unguwar nan ba ta kwanciya da wuri. Masu tsire sun hura wuta, mai shayi yana kaɗa ƙwai, 'yan Keke Napep suna kiran fasinja, ɗalibai sun cika bakin titi. In kuwa ranar wasan Ingila ce ko gasar zakarun Turai, gidajen kallon ƙwallo ba masaka tsinke. An rubuta da alli a allon ƙofa wa zai kara da wa, janareto na ruri a baya, mutum ya biya kuɗinsa da hannunsa ya zauna kan benci cikin zafi har alƙalin wasa ya busa tashi.

Ba na ganin laifin kowa a nan. Abin da wannan ya nuna mini shi ne mutanen Bosso suna da lokacin nishaɗi, kuma suna iya biya masa. Amma a shirya wasan kwaikwayo ko karatun waƙoƙi a garin nan, a ce shiga kyauta ne, sai ka tarar masu wasan da abokansu ne kawai a zauren, kujerun baya duk wayam. Wannan yana damuna ƙwarai, domin Minna ba garin da ya rasa tarihin fasaha ba ne.

A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921. A nan aka haifi Ben Okri a 1959, wanda ya ci kyautar Booker ta Ingila a 1991. Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, a Kagara aka haife shi a 1911. Marigayi Abubakar Gimba, ɗan ƙasar Lapai, ya shugabanci ƙungiyar marubutan Najeriya. Waɗannan sunaye muke jerowa a duk taro, kuma mun cancanci alfahari da su. Sai dai abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ake yi yanzu da rai. BM Dzukogi ya daɗe yana tara yaran sakandare a cibiyarsa ta Hill-Top yana koya musu rubutu, kuma daga can bikin HIASFEST ya fito, inda 'yan makaranta daga jihohi daban-daban suke zuwa su fafata a waƙa da labari da zane. Ɗansa Saddiq ya fitar da kundin waƙoƙi a Amurka a 2021. A irin wannan biki za ka ga yarinya 'yar aji huɗu ta hau dandamali, takardarta na rawa a hannu, ta karanta abin da ta rubuta da kanta, muryarta na ƙara ƙarfi layi bayan layi. Wa ya kamata ya zauna a gaba ya saurare ta in ba iyayenta da maƙwabtanta ba?

Na san amsar da iyaye da yawa za su ba ni, kuma ban raina ta ba. Za su ce wuraren nishaɗi dare ake yi, akwai cakuɗuwa, akwai abin da ba sa son 'ya'yansu su gani. Gaskiyarsu. Amma maganin wannan yana hannun masu shiryawa. A fara bayan La'asar a tashi kafin Magariba. A ware wa mata da yara wurin zama. A faɗa tun a sanarwa abin da za a nuna, domin uba ya san inda zai kai iyalinsa. Wanda ya girma yana kallon wasannin kwaikwayo irin na su Kasimu Yero da Samanja a talabijin tare da iyayensa ya san ana iya dariya har hawaye ba tare da an ji kunyar kowa ba.

Akwai kuma laifin da yake wuyan mu masu boko. Yawancin tarukanmu na adabi da Turanci ake yin su tun daga addu'ar buɗewa har jawabin godiya. Mai shayin da na ambata da ɗan Keke Napep ba a gayyace su ba, ko da an ce kowa ya zo. Bosso ƙasar Gbagyi ce, Hausa ce harshen kasuwarta, Nufawa da Yarbawa da Ibo sun cika ta. Me zai hana a yamma ɗaya a ji waƙar Hausa, a ga rawar Gbagyi, a saurari kiɗan Nupe, ɗaliban jami'a su rufe da gajeren wasa? A bakin ƙofa a ba matan Tatiko wuri su baje tukwanensu, a gayyato maƙeran tagulla da masu tsakiyar gilashi na Masaga daga Bida. Tun 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da suka shahara da sana'ar hannu, amma yara nawa ne a Bosso suka taɓa riƙe munduwar Bida a hannunsu? Ladi Kwali mai ginin tukwane ma a bayan takardar naira 20 kaɗai suka san ta, alhali a Suleja ta yi aikinta.

Abin da gidan ƙwallo ya fi mu da shi shi ne tabbas. Kowa ya san Asabar akwai wasa, ba sai an aika masa kati ba. Mu kuwa sai mu yi biki ɗaya babba a shekara, a kira manyan baƙi, a yi jawabai, a watse, sai baɗi in Allah ya kai mu. Sabo da kallo ba ya shiga jiki ta haka. Muna da zauren U.K. Bello da aka gina da sunan fasaha, harabar jami'a ta Bosso tana da ɗakunan taro, makarantun sakandare suna da filaye. Ina roƙon ƙungiyar marubuta reshen Neja da ƙungiyoyin ɗalibai da ƙaramar hukumar Bosso da ke Maikunkele su zauna su tsayar da rana guda, misali Asabar ɗin farko ta kowane wata, a wuri guda da ba ya canzawa. Rediyon jami'a na Search FM ya riƙa tuna wa jama'a.

Kuma don Allah a daina cewa kyauta ne. Kyautar nan ita ke sa a ɗauka abin ba shi da daraja, ita ke sa mai kalangu ya gwammace gidan biki inda za a yi masa liƙi. A sa kuɗin shiga daidai da na gidan ƙwallo, yara su biya rabi. A ƙirga abin da aka tara a gaban kowa, a cire kuɗin man janareto da na mai shara, sauran a raba wa waɗanda suka hau dandamali tun kafin su tafi gida.