Daga Gimi zuwa Wusasa



Mai zuwa asibitin St. Luke a Wusasa, bayan garin Zariya, zai ga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausawa. Tarihin jama'arta ya biyo ta wani ƙauye mai suna Gimi.

A 1913 wasu Isawa, almajiran Malam Ibrahim da ke girmama Annabi Isa matuƙa, suka sadu da Dakta Walter Miller na mishan ɗin Angilika. Suka zauna a Gimi, suna noma suna ibada. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya auka musu. Mutane suka yi ta mutuwa, ƙauyen ya watse, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. A 1929 mishan ya tare a Wusasa, da majami'a da makaranta da asibiti.

Abin da ke taɓa zuciyata a matsayina na nas: yau ciwon barci yana da magani, musamman idan an gano shi da wuri. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga kaluluwa a wuya, kada a zauna da shi a gida.

Allah Ya ba 'ya'yanmu lafiya.