Lampon albashi: kada kaza ta kwana kan dami

A Amurka, kowace shekara kafin 15 ga watan Afrilu, mai albashi yakan cika takardar da ke bayyana abin da ya samu da abin da aka yanke masa. In lissafi ya nuna an yanke fiye da kima, sai baitulmali ya mayar masa da rarar. Rangwamen can iri biyu ne: wani ana zabge shi daga kuɗin da za a aza wa haraji, wani kuwa daga harajin kansa ake cire shi. Shi ya sa ƴan uwa mazauna can suke zancen "kuɗin da gwamnati ta mayar" kamar yadda manomi ke zancen kaka.

A Nijar tsarin dabam ne. Lampon albashi, wanda a da ake kira IUTS, daga baya ya koma ITS, ana yanke shi ne tun daga tushe, wata-wata, kafin albashi ya kai hannun mai shi. Ma'aikaci ba shi da wata ranar da zai zauna jiran a mayar masa da rara. Rangwamensa yana cikin lissafin kowane wata, kuma takardun da ke cikin dosiyensa su ne ke yanke yawansa. Wanda dosiyensa bai cika ba, asara yake yi sau goma sha biyu a shekara, ba tare da ya ji ƙararta ba.

Ga yadda kundin dokar lampo na 2012 ya tsara abin. Da farko ana cire kuɗin ajiyar ritaya: ma'aikacin gwamnati kashi 6 cikin ɗari, ma'aikacin kamfani kuwa kashi 5,25 da yake zuba wa CNSS. Sannan a cire kashi 10 cikin ɗari na ɗawainiyar aiki. Waɗannan biyu ba sai an roƙa ba. Na uku shi ne rangwamen nauyin iyali, kuma a nan gizo ke saƙa: mutum ɗaya a wuyan ma'aikaci yana ba da kashi 5, biyu 10, uku 12, huɗu 13, biyar 14, shida 15, bakwai kuwa 30. Daga bakwai lissafi ya tsaya. Abin da ya saura shi ake aza wa lampo hawa-hawa, daga kashi 1 a kan jika 25 na farko har zuwa kashi 35 a kan abin da ya haura miliyan ɗaya.

A ɗauki misalin ma'aikata biyu, kowane da jika 200 bayan an cire ritaya da ɗawainiyar aiki. Na farko, a idon ofishin albashi gwauro ne, domin bai taɓa kai takardar aure ko ta haihuwa ba: bisa wancan jadawali za a yanke masa sefa 22.750 a wata. Na biyu ya kai takardun mutum bakwai, sai jika 200 ta koma 140, lamponsa ya tsaya a 8.950. Bambancin 13.800 ne a wata, wato 165.600 a shekara. Wannan kuɗin hatsi ne, da kayan lakwal, da magani. Mai yiwuwa gidan na farko ya fi na biyu cika da yara, amma kwamfutar albashi ba ta halartar suna, takarda kawai ta sani.

Tushen matsalar sananne ne. Ana ɗaura aure a gaban liman da shaidu, a raba goro, kowa ya watse, ba a bi ta ofishin magajin gari ba. Ana haihuwa a gida, a yanka rago ran suna, a manta da rajista. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 don bayyana haihuwa. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu a samo hukuncin da zai tsaya a madadin takardar, da shaidu da zirga-zirga. Wani kuma yana da takardun, amma suna kwance cikin akwati, bai kai su ga mai kula da ma'aikata ba. Duk wanda ya karɓi takardar albashinsa a ƙarshen wannan wata, ya dubi gurbin da aka rubuta yawan mutanen da ke wuyansa, ya gwada da bakunan da yake ciyarwa. In an yanke masa fiye da hakki duk da ya kai takardu, ƙorafi a rubuce ake yi, kuma yana da wa'adi. Wanda ya yi jinkiri ya yafe.

Sai dai a yi hattara. Rangwamen na ƴaƴa ƙanana ne, da naƙasassu, da masu karatu har iyakar shekarun da doka ta yanka, da abokin aure maras albashi. Yaron da ya kama aiki ya fita daga lissafi, kuma ƙara sunan da ba shi da hakki zamba ce mai jawo tara.

Ƴan kasuwa ma suna da tasu kazar. Mai shigo da kaya ta Dan Isa ko Birnin Ƙonni ana karɓar masa wani kaso a duwan a matsayin kafin alƙalami na lampon riba. Ga wanda ke biyan lampo bisa littafin cinikinsa, wannan kuɗi ba ɓatacce ba ne: ana zabge shi daga lampon ƙarshen shekara, muddin yana da lambar NIF kuma ya adana rasit ɗinsa. Wanda ya shigo da kaya da sunan wani, wancan ya tara wa.

Alƙaluman da aka kawo na kundin 2012 ne, kuma dokoki kan sake su. Ofisoshin lampo na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna da jadawalin bana ga mai tambaya. Ƙa'idar dai tana nan daram: hukuma ba ta bin mutum gida ta ba shi rangwame. Biyan lampo wajibi ne a kan ɗan ƙasa, amma babu dokar da ta ce ya biya fiye da nasa. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa.