Ba 'Yan Mata Ne Suka Kashe Tuwo Ba

Duk majalisar da aka taɓo zancen abinci, hukunci ɗaya ake yankewa: 'yan matan yanzu ba su iya girki ba. Haka ake faɗa a gidan suna, haka a teburin mai shayi, haka a shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Wai boko ya ɗauke musu hankali, waya ta cinye musu lokaci, ba abin da suka sani sai dafa Indomie da soya ƙwai. Daga nan sai a ja tsaki, a ce Allah ya shirya, a watse. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Zalunci ne, kuma muddin muna riƙe da shi, girkin iyayenmu zai ci gaba da sulalewa daga hannunmu, domin mun bar jaki muna dukan taiki.

Mu fara tambayar kanmu yadda iyayenmu mata suka koya. Ba wadda aka zaunar aka yi wa karatun tuwo. A gidan gandu suka tashi, inda kaka da uwa da kishiyar uwa da matan baffanni suke tsakar gida ɗaya, girki yana zagayawa, aikin hatsi kuma na kowa ne. Yarinya takan fara da tsintar wake da korar kaji daga shanya. In ta ɗan tasa a ba ta faifai ta koyi bakace, sannan a ba ta taɓarya ta shiga layin surfe. Kafin a bar ta ta riƙe muciya, ta yi shekara da shekaru tana kallon yadda ake ruɗe, yadda ake barin talge ya nuna har ƙamshin ɗanyen gari ya fita, yadda ake zuba gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa don kada ya yi gudaji, a rufe ya sulala, a kwashe da mara. Ranar da ta ɓata, akwai tsohuwa a gefe da za ta ce, "Ke 'yar nan, rage wutar, kanwarki ta yi yawa." Wannan ita ce makarantar, kuma mu muka rushe ta. Yau saurayi yana yin aure sai ya kama haya a wata unguwa mai nisa, ya ajiye amarya ita kaɗai da ƙaramar tukunyar gas. 'Yarta za ta tashi ba ta ganin kakarta sai da salla. Wa zai koya mata? Mun kore malamai, sannan muna zagin ɗalibai da jahilci.

Sai kayan haɗi. Miyar kuka ba ta yiwuwa sai da daddawa, daddawar kalwa kuma ba ta yiwuwa sai da ɗorawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai yin daddawa ya san ba wasa ba ne. Za ta dafa kalwa yini guda ko kwana har ta yi laushi, ta surfa ta a turmi ɓawon ya fita, ta wanke ta rege, ta sake dafawa, ta juye a ƙwarya ko kwando ta lulluɓe, ta bar ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan ta kirɓa, ta mulmula, ta shanya. Aikin kusan mako guda ke nan. To ita wannan bishiya ta ɗorawa, da 'yar'uwarta kaɗanya, wa yake sare su yana ƙona gawayi yana lodawa a manyan motoci? Ba 'yan mata ba ne. Wa ya yanka gonakin gefen gari ya mai da su filoti, har kuka da tsamiya suka zama abin sayowa daga nesa? Shi ma ba su ba ne. A gefe guda kuma Maggi, wanda kamfanin Nestlé ke yi, ya shiga kowane shago da kowane lungu, da arha, da talla dare da rana. Indomie da ake yi wa yara gori da ita ta shigo Najeriya tun ƙarshen shekarun 1980, kafin a haifi mafi yawan amaren yau. Kwali-kwali iyayensu maza suka riƙa ɗaukowa suna kawowa gida.

Ga kuma batun aljihu, wanda masu hukuncin ba sa son a taɓo. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsalle, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Tuwon dawa da miyar taushe suna son wuta mai tsawo. Alkaki da nakiya suna son mai da zuma ko sukari, da hannaye da yawa. Matar da aka bar wa cefanen da bai kai ya kawo ba, ga gas tana lallaɓawa ya kai ƙarshen wata, ga aiki ko sana'a tana fita don ta rufa wa gidan asiri, in ta dafa taliya cikin minti ashirin ba lalaci ta yi ba. Lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakinmu, mu maza. Maigidan da ke cika baki a majalisa cewa babu kamar tuwon gero, shi ne zai dawo gida a ajiye masa shi ya ɓata fuska ya ce, "Yau ma tuwo?" In zai yi baƙi na ji da gani, shinkafa da kaji yake cewa a dafa, don kada a raina shi. Ku duba walimar bikin masu hali a Kano ko Kaduna: sau nawa kuka ga dambun zogale, ko faten tsaki, ko burabusko a kan babban teburi? Mun nuna wa 'ya'yanmu cewa abincin gero da dawa na ƙauye ne da talaka, na alkama kuma na wayayyu, alhali mafi yawan alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake sayo ta. Yarinya ba makauniya ba ce. Abin da ta ga ana girmamawa shi take koya. A daidai lokacin da muke jin kunyar gero, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa, saboda jurewarsa ga fari da amfaninsa ga jiki, kuma Nijar da Najeriya suna cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya.

Za a ce ai akwai 'yan matan da ko an kira su madafi ba sa zuwa. Akwai su, kamar yadda akwai samarin da ba su san hanyar gonar ubansu ba. Amma halin wasu tsiraru ba shi ne ya sauya abincin al'umma gaba ɗaya ba. Wayar da ake zargi ma, a cikinta ne matasan mata da yawa suke neman yadda ake ɗanwake da sinasir, don ba su da wadda za su tambaya. Wannan alamar son koyo ce. Sai dai bidiyo yana da iyaka. Ba zai ɗanɗana miyarki ya ce ta yi tsami ba, kuma bai san yadda gidanku ke haɗa yajin jego ko kunun kanwa ba. Wannan ilmi yana hannun tsofaffi, kuma duk wadda ta rasu ba a karɓa ba, ya tafi ke nan.

Saboda haka mai son girkin gidansu ya rayu, ga aikinsa. Ya kai yaransa wajen kakarsu lokacin hutu, mata da maza, su yini a madafi, a rubuta abin da ta faɗa, a naɗi muryarta, a dafa a gabanta ta gyara. Ya sayi gero da daddawa da kuka da kuɗinsa, ya biya mai daddawa farashin wahalarta ba tare da ciniki na wulakanci ba. Ya hana a sare ɗorawar gonarsa, ya dasa wata. Ya sa tuwo a gaban baƙonsa mafi daraja, ya ci, ya yaba wa wadda ta tuƙa a gaban 'ya'yanta. Wanda bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya yi shiru da zagin 'ya'yan mutane.