Kafin a yi wa memori fomat

A Fulatan da sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye, ma'ajiyar bayanan mafi yawan mutane ba ta wuce ɗan katin memorin da ke cikin waya ba. A nan hoton takardar cinikin gona yake, da sakamakon jarrabawa, da tafsirin azumin bara, wani lokaci har da muryar mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya. Ran da waya ta ce katin ya lalace, sai a nufi shagon caji, mai shagon ya yi masa fomat, ya zuba sababbin waƙoƙi. Wannan gaggawar ce nake ƙorafi a kanta, domin sau da yawa kayan suna nan lafiya lau.

Kowane kati ko filas yana da rajista, tamkar littafin mai sito a kasuwar Dawanau: buhun wane yana lungu kaza. Idan shafi ya yage, buhunan ba su motsa ba, sanin wurinsu ne ya ɓace. Yawancin ƙananan katuna suna amfani da tsarin FAT32, wanda Microsoft ya fitar a 1996. Wannan tsari ba ya rubuta abin da yake shirin yi kafin ya yi shi, saɓanin NTFS na 1993. Saboda haka idan aka ɗauke wuta, ko batir ya mutu, ko aka fizge kati ana tsakiyar tura fayil, sai rajistar ta tsaya rabi da rabi. A inda janareta ke tari sau uku kafin la'asar, wannan ba abin mamaki ba ne.

Maganin yana cikin kowace kwamfuta mai Windows, kyauta. A sa katin, a duba harafin da aka ba shi, a ce E, a buɗe tagar umarni a rubuta chkdsk E: don dubawa kawai. Ƙara /f shi ke sa a yi gyara; /r kuma yana bin faifan gaba ɗaya yana neman gurbin da ya mutu. Masu Linux suna da fsck.

Sai dai ina jan kunnen ɗalibaina kan abu guda. Damuwar chkdsk ita ce rajista ta daidaita, ba ruwansa da darajar kundin digirinka. Guntayen da ya rasa mai su yakan tara su a wata jaka mai suna FOUND.000, da sunaye irin FILE0000.CHK, waɗanda sai gwani ya tantance. Don haka a fara kwashe duk abin da ke buɗuwa zuwa wani wuri, sannan a yi gyara. Faifan kwamfuta kuwa da ya fara ƙara ƙas-ƙas, sa masa /r wahalar da majinyaci ne.

Akwai kuma katin jabu, wanda aka rubuta wa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba. Da ya cika, sabon fayil ko dai ya hau kan tsoho ko ya bi iska, kuma babu umarnin da zai dawo da shi. Manhajar H2testw tana tona asirinsa. Da masu shagunan caji za su riƙa gwada kati a gaban mai saye, ni zan biya ƙarin kuɗin gwajin da farin ciki.